Gaisuwar da Munir Bai Yi Ba

Ya kai mai karatu mai daraja, ma'abocin wannan shafi namu mai albarka, ko kana tare da mu a nan Jidda, ko kana gida Nijeriya, ko Sudan: bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙonka ka tsayar da yatsanka daga jan fuskar waya, ka ba ni aron hankalinka. Mu da aka koya wa rubutu da tawada, a zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba aikinsa, ba mu saba rubuta abin da ba mu auna ba. Wannan al'amari gabana aka kawo shi, a matsayina na shugaban dattawan Hausawan unguwar Nuzla, kuma ni na yanke hukuncinsa.

Akwai wani matashi mai suna Munir, ɗan marigayi Alhaji Na'ibi, haifaffen Nuzla. Tun yana yaro Allah Ya ba shi gudu. Aminin mahaifinsa, Alhaji Yelwa, mai shagon shinkafa a Sa'alaba, shi ne ke kai shi bakin teku yana sa shi tsere a kan yashi, kuma shi ya raka shi filin jirgi ranar da ya tafi karatu Amurka.

A can ya shiga irin ƙwallon mutanen ƙasar, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita, kowa da hular kwano. Wani lokaci a miƙa masa ƙwallo ya kutsa tsakanin ƙarti. Wani lokaci kuma ya tsaya can baya shi kaɗai, abokan hamayya su bugo ƙwallon sama, ya ɗaga kai yana jiran saukowarta alhali samudawa na rugowa kansa, ya cafe ya mayar da ita da gudu. Daga ƙungiyar jami'a har ya kai ga ta ƙwararru.

Alhaji Yelwa bai san dokar wasan ba, amma ya fi kowa alfahari. Akwai wani bidiyo a wayarsa da duk mai sayen shinkafa sai ya kalla: an yi wa Munir karo kai da kai har hularsa ta yi tsalle, ya faɗi, ya miƙe.

"Kun gani?" in ji shi. "Kan dutse! Ni na raine shi."

Bayan 'yan shekaru Munir ya bar wasa, ya dawo Jidda da matarsa Lubna, 'yar Hausawan Sudan ta nan garin, ya kama aiki a wani gidan motsa jiki a Aziziyya. Ba a jima ba aka yi walimar wani aure, maza a zaurensu, mata a nasu, kamar yadda muka saba.

Da Munir ya shigo, Alhaji Yelwa ya miƙe ya buɗe hannuwa. Bai ce komai ba, domin yaro ne ke fara gai da babba.

Munir ya dube shi, ya yi murmushin da ake yi wa baƙo, ya ba shi hannu.

"Ahlan, ya ammi. Sannu, Baba."

Ya wuce.

Hannuwan dattijon suka tsaya a buɗe. Wani mai shagon waya da ake kira Nasir ya ce daga gefe, "Alhaji, ko ka nuna masa bidiyon? Wataƙila ya tuna wanda ya raine shi."

Aka fashe da dariya. Alhaji Yelwa ya bar zauren bai taɓa abinci ba.

A makon nan Lubna ta haifi 'ya mace. Alhaji Yelwa ya bi shago-shago da ƙofar masallatai yana cewa, "Halas, magana ta ƙare! Wanda Amurka ta hana shi gane mu, mu ma ba mu gane gidansa ba. Kada kowa ya je sunan." Jama'a suka amsa, domin ba shi kaɗai yaron ya wuce ba. Wanda bai yi zaman baƙunta ba, ba zai san nauyin wannan ba: a ƙasar da ba ka da dangi sai 'yan uwan harshe, suna babu mutane tabo ne da yarinya za ta girma ta tarar ana labarinsa.

Mahaifiyar Munir, Hajiya Mastura, ta kawo mini kuka. Na kira ɓangarorin biyu falona bayan la'asar, tare da wasu dattawa.

Alhaji Yelwa ya yi jawabi mai zafi. Munir ya sunkuyar da kai. Na tambaye shi hujjarsa, ya ce, "Ba ni da ta cewa, Baba. Na yi laifi."

Sai muka ji murya daga bayan labule. Lubna ce, da ɗanyen jego, ta biyo surukarta.

"Baba, ku yi mini afuwa, aibi ne in yi magana a gabanku, amma wallahi ba zan iya shiru ba. Kawu Yelwa, bidiyon nan yana wayarka?"

"Yana nan. Yau zan goge shi."

"Kunna shi tukuna."

Ya kunna. Muka ji ƙarar karon, muka ga hula ta tashi.

"Ran nan ni na je ɗaukarsa asibiti," in ji ta. "Na shiga ɗakin, ya ce mini, 'Baiwar Allah, wa kike nema?' Likitoci suka ce yawan bugun kai ya taɓa wurin da ke riƙe fuskokin mutane. Murya yake ganewa, ita ma sai wuri ya yi shiru. A can duk inda muka shiga ina gefensa, ina raɗa masa: wannan wane ne, wancan wane ne. To a nan, ya Kawu, ni ina zauren mata. Wa zai raɗa masa?"



Alhaji Yelwa ya juya ga Munir, muryarsa ta sauka. "Kai kuwa, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kawu, da ka buɗe baki ɗazu na san kai ne. Har ƙamshin bakin teku sai da na ji." Ya share ido da bayan hannu. "Kai ka faɗa wa Jidda kaf cewa kaina dutse ne. Na ji kunyar ka san ya tsage. Na ga gara a ce ina da girman kai."

Na ga manyan mutane sun ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin ta wannan rana ba. Alhaji Yelwa ya kifa wayar a kan darduma kamar ta ƙone shi. Abin da ya yi shekaru yana nuna wa mutane yana tafi, shi ne abin da ya raba yaron da fuskarsa.

"Ni na riƙa dariya a kan wannan," ya ce. "Na'ibi ya bar mini amana, ni kuma na tara masa gari." Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Na bar shi ya yi kukansa. Sa'an nan na gargaɗi Munir cewa ɓoye ciwo ga iyaye ba ladabi ba ne. Amma babban laifi na wanda ya yanke hukunci ne bai tambaya ba, ya kuma ja jama'a cikinsa.

Saboda haka na ci Alhaji Yelwa tara kamar haka: duk ƙofar da ya bi ya hana zuwa suna, ya koma da ƙafarsa ya gayyato. Kuma daga ranar sunan har iyakar ƙarfinsa, a kowane zauren maza, shi zai tsaya a hannun daman Munir, ya riga shi gai da duk mai tahowa da ƙarfi, da cikakken suna, yadda yaron zai ji ya maimaita. Da ƙofar Nasir mai shagon waya ya fara gayyatar, kuma shi Nasir ɗin na ɗora masa wankin farantan walimar sunan gaba ɗaya.

Darasi: Idan wanda ka sani ya wuce ka bai gaishe ka ba, ka bi shi ka tambaye shi lafiya kafin ka kai ƙararsa gari, domin ba ka san abin da yake ɓoyewa don kunya ba. Mai karatu mai daraja, ka tura wannan ga 'yan uwa, musamman masu saurin fushi.