Kuɗin Tabar Ladingo

Abin da na rasa shi ne miji da haƙora biyu na gaba. Abin da na samu kuwa, sai kun ji yadda cinikin ya kaya.

A zamanin da, lokacin Sarki Barmo, mu ne masu yi wa fada tabar shaƙa, ni Ladingo da maigidana Mantau. Sarkin nan yana da wani ciwon kai wanda idan ya taso masa ko ɗansa ba ya ganewa, kuma ba abin da ke kwantar da shi sai tabarmu mai ƙamshin furen lalle. Tana shiga da sanyi, ta yi yaji a tsakiyar goshi, hawaye su zubo, daga nan ƙamshin ya zauna a bayan ido har la'asar.

Waziri Tunau ya ga Sarki ya fi sakin fuska ga mai taba a kansa, sai ya ƙudura mallakar sirrin. Wata Laraba aka tsinci Mantau a bakin rafi, an karya masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, an yanka shi, ba battarsa a aljihu. Aka ce ɓarayi ne. Allah Sarki, ko duk ƙasusuwansa suka karya ba abin da zai faɗa musu, don shi daka kawai ya sani. Ƙamshin aikina ne.

Taba ta ƙare a fada. Bayin Waziri suka kirɓa fure ɗanye cikin taba, ta yi tsami, Sarki ya shaƙa, jini ya ɓalle masa ta hanci. Ya sa aka yi shela: wanda ya kawo irin ta Mantau ya faɗi kuɗinsa da bakinsa, wanda ya kawo ta banza a yanke masa hanci. Fatake bakwai suka gwada, hanci bakwai aka jera a ƙofar fada. Sau uku ana aiko mini dogari, ina cewa, "Takaba nake. Kan Sarki ya jira."

Ran da na fita takaba na ɗauko garin da na riga na shimfiɗa a kan fure cikin tukunya, kullum da safe ina sake sabo, ba tare da na bar ko ƙwayar fure ta shiga turmi ba. Na tafi fada. Sarki na kwance da kai a ɗaure, ya shaƙa, ya yi atishawa uku, ya tashi zaune.

"Ita ce! Faɗi kuɗinki, baiwar Allah."

Ni kuwa tun da na durƙusa wani ƙamshi ke zuwa mini daga gefen dama, inda Waziri yake. Furen lemo ne, wanda ban taɓa sayar wa kowa ba. Mutum ɗaya nake yi wa shi a duniya, maigidana Mantau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ciniki, a buɗe mini battar Waziri."

Waziri ya zabura. "Ke, tsohuwar banza! A gaban Zaki?" Ya kai mini sanda a baki, na tofar da haƙora biyu a kan shimfiɗar Sarki.

Na share jinin na ce, "Zaki, hancinka ya fi na kowa a ƙasar nan. Shaƙa ka gaya mana hannun wa ke ciki."

Dogarai suka danne Waziri suka zaro battar. Ta Mantau ce, ga ɗinkin da na yi mata da jan zare. Sarki ya shaƙa, sannan ya ce, "Tunau, wata huɗu kaina na tsagewa, kai kana shaƙar wannan a ɓoye?"

Ya juyo gare ni. "Na ba ki dawaki goma."

"Ba na hawa, ranka ya daɗe."

"Gida a cikin birni, da bayi."

"Ina da gida. Miji ne babu."

"To na ba ki kansa. Hauni!"

Hauni, mai sare kawuna, ya matso da takobi tsirara. Waziri ya fara kirana uwa. Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kai ya yi araha. Sara ɗaya ne ya huta, ni kuwa wa zai yi mini daka?"

Sarki ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin mai tsadarki ba. Faɗi, na saya."

Na ce a yanke masa hanci a jera kusa da bakwai ɗin can, gonakinsa a raba wa fataken. Hannuwansa kuwa a bar mini su lafiya, da mari a ƙafa, ya riƙe taɓaryar Mantau har ya mutu.

A nan gaban Sarki aka yanke, ina kallo ban kau da kai ba. Shekara tara ya yi yana daka a tsakar gidana, garin taba na shiga masa ramin fuska yana ihu. Hanci ɗaya da hannu biyu, a kan haka na sallama, kuma har yau ina ganin na yi wa Sarki ragi.