Buhun da Jabbi Bai Taɓa Ɗauka Ba

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin rafi, tana da 'ya ƙarama mai suna Tabita. Matar nan ba muguwa ba ce. A hayin rafin akwai wani makiyayi Bafulatani, sunansa Jabbi. Kullum tana sayen nono wurin matarsa, in ta haɗu da Jabbi a hanya su gaisa har da tambayar shanu.

Sai dai Tabita akwai rigima. In ta fara kuka, uwar takan ce, "Yi shiru, ko in kira Bafulatani ya sa ki a buhu!" Nan take yarinya ta haɗiye kukanta. Uwar ta ga dabara tana ci, ta riƙe ta. A ranta wasa ne.

Ran nan da damina, uwar tana noma a gona, Tabita ta sulale ta tafi wasa kan yashin tsakiyar rafi. Ashe an yi ruwa a can saman rafi. Kafin uwar ta ɗaga kai, rafi ya kawo, ya kewaye yarinya. Ta yar da fartanya ta sheƙa da gudu, amma da nisa. Jabbi ne kusa, yana shayar da shanunsa. Ya shiga har gwiwa, ya miƙa sanda.

"Kama, 'yata, kama!"

Tabita ta dube shi, ta ƙwalla ihu. "Mama, zai sa ni a buhu!" Ta ja da baya, ta ja da baya, sai ruwa ya kwashe ta.

Jabbi ya saki sanda ya faɗa ruwa. Da ƙyar ya cafko ta, tana shure-shure, ta gantsara masa cizo a hannu. Bai sake ta ba sai da ya ajiye ta a gaban uwarta. Ya tsaya yana haki, jini yana bin yatsunsa.

"Maman Tabita," in ji shi, "wane buhu ne?"



Ma'anar wannan misali ita ce, jikokina: matar nan mu ne. Ba mu ƙi kowa ba, in ji mu. Amma mukan ce, "Baƙa ce, amma tana da kyau." Mukan ce wa maƙwabci, "Kai dai ba kamar mutanenku kake ba," mu ɗauka yabo ne. Mu manya mun san wasa muke yi. Yaro bai sani ba, haɗiyewa yake da gaske, shi kuma wanda aka faɗa a kansa ya tafi gida da ciwo. Allah da ya yi ku, shi ya yi Jabbi, da hannu ɗaya. Kada ku ce, "Ai ban yi nufi ba." Ita ma ba ta yi nufi ba. In za ku ambaci ƙabilar mutum, ku tambayi kanku: da yana tsaye a nan, zan faɗa? In ba za ku faɗa ba, ku rufe bakin.