Yaran da Ba Su Shiga Ƙwarya Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da agana ke shiga gida ta fita da yara, ana kiransa Nomau. Bawan Allah ne, mai shelar dagaci, ba shi da komai sai gangarsa da ƙafafunsa, kuma ko kaza ba ta taɓa kai ƙararsa ba.

Wata shekara aka aiko daga birni cewa masu lamba za su zo, wato masu yi wa yara tsagar rigakafin agana a dantse. Suka ce a faɗa musu yawan yara, don gwargwadonsa za su ɗauko magani. Dagaci ya ba Nomau ƙwarya da gurjiya, ya ce, "Kowane yaro ƙwara ɗaya."

Nomau ya bi gari gida-gida. Ya yi sallama, ya shiga, ya zauna, ya dafa kan yaro, sannan ya jefa ƙwara. Har jaririn da ba a raɗa wa suna ba sai da ya shiga ƙwarya. Da ya gama sai ya tuna rugar Fulani da ke hayin rafi, ya faɗa wa dagaci. Dagaci ya ce, "Su wa? Mutanen da ba ka san inda za su kwana gobe ba?" Duk da haka Nomau ya naɗe wando ya haye.

To ku saurara, jama'a. Ya je, amma bai shiga ba. Wata mata mai suna Kumbo ta shimfiɗa masa tabarma, ya ce sauri yake yi. Daga bakin shinge ya ɗaga murya, "Baiwar Allah, yaranki nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce biyu. Alhali uku ne. Ku kun sani, ni ma na sani, kunya ba ta barin Bafulatana ta ambaci ɗanta na fari a gaban baƙo. Nomau ma ya sani, don mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba. Amma sauri ya haifi nawa. Haka ya bi rugar yana tambaya daga tsaye.

Ranar lamba aka fara da 'yan gari, mutanen ruga suna ƙarshen layi cikin rana. Magani ya ƙare daidai da gurjiyar ƙwarya, ga kuma yara tsaye, dukkansu 'ya'yan fari. Kumbo ta turo wani yaro gaba, ba ta ko dube shi ba, ta ce a hankali, "Ga wannan ma." Malamin lamba ya nuna mata kwalba, wayam.

Dagaci ya ce, "Halinsu ne. Sun ɓoye yara kamar yadda suke ɓoye shanu ranar jangali." Mutane suka yi dariya. Malamin ya fara ɗaure kayansa, ya ce wanda ya ɓoye ɗansa ba ya son magani, ba zai sake tahowa ba.

Ku saurara. Da Nomau ya yi shiru, shi ke nan, laifi ya riga ya sami mai ɗauka. Amma kunya ta kama shi, har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fito ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su ɓoye ba. A gari na zauna na ga yara da idona. A ruga na tsaya bakin shinge kamar mai tsoron cuta. An ba ni tabarma na ƙi. Laifina ne."

Dariya ta mutu. Dagaci ya ji an tsinka shi a gaban baƙo, a ranar ya karɓe gangar. Shi kuwa malamin ya ce tunda haka ne zai dawo. Ya kuwa dawo bayan kaka, aka yi wa 'ya'yan farin ruga lamba. Sai dai agana ta riga shi zuwa bukkar Kumbo, ta kama ɗan farinta. Yaron ya tashi, amma ta zane masa fuska, ta tafi da ido ɗaya.

Nomau ya je dubiya. Wannan karon ya shiga, ya zauna a kan tabarmar nan. Kakar yaron ta faɗa masa sunansa Dikko. Kumbo ta ajiye masa ƙwaryar nono, ta ce, "Sannu da hanya, Baffa." Wallahi ya kasa shan nonon nan. Har ya mutu, duk ranar kasuwa in ya hango Dikko, sai ya sunkuyar da kai.

Jama'a, wanda ba a ƙirga ba, ba a ɗauko masa magani. Kuma ba a ƙirga mutum daga bakin shinge. Nomau ya yi kuskure sau ɗaya, ya faɗi gaskiya ta ci masa abincinsa, kuma bai daina jin kunya ba. Mu fa? A unguwar nan akwai baƙi, akwai masu wani yare, akwai na hayin rafi. Ranar da masu rigakafi suka tambaye mu gidajen da suka rage, sau nawa muka ce, "Ai can ba kowa"? Ranar lahira ba za a manta da ko yaro ɗaya ba, kuma za a tambaye mu. In an shimfiɗa muku tabarma, ku zauna. Allah Ya sa mu gane tun muna da sauran kunya.