Dalar Azurfar Orval

An yi wani mutum a garinmu Zanesville, ba zan kama sunansa ba. A ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi babu mai idonsa. Tun daga nesa yake gane na jabu.

Yana da amini, tsoho Orval Pruitt, mai dalar azurfa guda da aka buga a 1795. Ita kaɗai ta fi gidan Orval daraja. Da idon Orval ya soma mutuwa, sai ya miƙa masa ita ya ce, "Mutumina, duba min 'yar tsohuwar nan, ko tsatsa ta kama ta. Kar dai ka haɗiye min ita."

Suka yi dariya. Ya tafi da ita gida, ya kwana uku yana kallonta. A na huɗu ya mayar wa makahon da ta jabu. Ta gaskiyar ya sayar wa wani dillali a ɓoye, a wulaƙance, don kayan sata ba ya shiga kasuwar gwanjo.

Orval ya shekara biyu yana shafa ta jabun yana murmushi, sannan ya rasu.

Bayan an binne shi, matarsa Lurleen ta zo taron ƙungiya da ƙaramin akwati. Ta ajiye a gaban mutumin nan ta ce, "Ga wasiyyar amininka. Shekara goma da rubuta ta. Ya bar maka dalar nan, ya ce ba wanda ya san darajarta sai kai."

Ya 'yan uwa, al'adarmu ce duk wanda ya samu sabon abu ya zagaya da shi kowa ya riƙe. In ya ƙi, a ce me ya sa? In ya yarda, a gane ta jabu ce. Yana cikin wannan ruɗani aka buɗe akwatin.

A hannu na uku dalar ta tsaya. Delbert mai kanti ya ɗora ta a sikeli ya ce, "Wannan ai ko shayi ba za ta saya ba. Lurleen, hannun wa ta taɓa shiga?"

Ta ce, "Hannu ɗaya ne." Ba ta ko dubi mutumin nan ba.

Aka cire sunansa daga ƙungiya. Abin da ya tara shekara arba'in, kowa ya ce wa ya san na gaske a ciki? Ya bar garin, ba wanda ya raka shi.

Ni har yau kaina a ɗaure yake. Wa ya yi wa sata? Orval da ya mutu da farin ciki? Ko kansa, tunda an riga an rubuta masa ita? Na juya na juya, ban samo bakin zaren ba. Abin da na iya riƙewa ɗaya ne: rabonsa na kan hanya ta halal, ya tare shi ta haram, ya rasa rabon, ya rasa mutunci.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ba ya ganin hannunmu.