Matashin Kan Uwar Sarki

A zamanin da, a wata masarauta ta ƙasar Luba, an yi wani sarki mai son mahaifiyarsa Mujinga kamar ransa. Matan ƙasar kuwa kitsonsu tudu-tudu ne, ana kwanaki ana yin sa. Don haka ba sa kwanciya sai a kan matashin kai na itace, wanda ke tallafe wuya ya bar gashi a sama.

Ana gab da bikin girbi, an gama wa tsohuwa kitso ke nan, sai matashinta ya tsage. Ta rantse ba za ta kwanta ba, kada kitson ya lalace. Ta yi ta kwana a zaune har idanunta suka faɗa, abinci ya daina shiga.

Sarki ya sa aka yi shela: duk wanda ya sassaƙo matashin da zai sa ta barci, shi ne sarkin masassaƙa. Aka kawo iri-iri ta ƙi su, wannan ya cika tsawo, wancan kaushi. Ran nan da hantsi aka kawo wani mai siffar mata biyu a zaune, sun rungumi juna, kawunansu na ɗauke da mazaunin wuya. Aka shigar mata da shi.

Sai ga mutum biyu durƙushe gaban sarki: Kasongo wanda ya kawo shi, da maƙwabcinsa Numbi da ya biyo shi a guje yana cewa daga rumfarsa aka ɗauke. Babu shaida.

Wazirin sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in dubo tsohuwa tukuna."

Ya shiga, ya fito fuska a murtuke. "Matashin nan ya murɗe mata wuya. Wanda ya sassaƙa shi zai bar ƙasar nan yau."

Kasongo ya zabura. "Sarki ya yi mini rai, ban taɓa riƙe gizago ba! Nasa ne!"

Numbi ya sunkuya. "Aikina ne. A kore ni, amma a ba ni shi in gyara mata kafin in tafi."

Waziri ya yi murmushi, ya sassauta murya. "Babu abin gyara. Ga ta can tana minshari, kitso ko gashi ɗaya bai motsa ba."

Sarki ya toshe baki don kada dariyarsa ta tashe ta. Cikin raɗa ya naɗa Numbi sarkin masassaƙa, cikin raɗa ya yanke wa Kasongo hukuncin ɗaukar wa Numbi itace har girbin baɗi. Makaɗa suka zauna rungume da gangunansu suna jira.

Sai da yamma ta yi Mujinga ta farka, ta yi miƙa, ta ce a kawo mata tuwo. Nan take ganguna suka ɓarke.