Maganin da Khairunnisa Ta Ƙirƙira

A cikin garin Daura, a wata unguwa da ba ta da nisa da Kusugu, akwai wata matar aure mai suna Khairunnisa Dabo. Allah ya yi mata baiwar tsara labari, irin wanda in ka fara karantawa sai abincin da ke kan wuta ya kama ba ka sani ba. Sai dai tana da hali guda da ya ɓata mata wannan baiwa: ba ta son gyara. Ko gishiri ka ce ya yi yawa a miyarta, to ranar ka gama ganin haƙoranta.

Khairunnisa tana cikin wani zauren marubuta na WhatsApp da ake kira Bakin Rijiya. Yawancinsu mata ne daga Daura da Zango da Mai'aduwa da Baure, har da 'yan tsallaken iyaka. Babu wadda aka taɓa buga wa littafi a cikinsu. Da waya suke rubutu, shafi-shafi, su tura wa masu karatu. Kullum da safe zauren cike yake da hayaniya. Wannan ta ce a yi mata uzuri babu caji, waccan ta ce yaro ya tsoma mata waya a cikin koko, wata kuma ta yi rantsuwar ta daina rubutu tunda masu karatu ba sa yin sharhi, sai dai su ce "mun gode" su wuce. Kafin azahar za ka ga ita mai rantsuwar ta turo sabon shafi.

Shugabar zauren ita ce Malama Haulatu, wata malamar Islamiyya a Zango, mace mai sanyin magana. Ita ta kafa dokar da kowa ke bi: kowane shafi sai ya bi ta ɗakin gyara, wato wani ƙaramin zaure na mutum kaɗan, kafin a sake shi. Kuma duk wadda ta sa aya ko hadisi ko hukuncin shari'a ko magani a cikin labarinta, dole ta faɗi inda ta samo shi. Sauran marubutan suna bin dokar ba gardama. Khairunnisa ma tana bi, amma da ƙyar, kamar mai haɗiyar maɗaci.

A lokacin tana rubuta wani labari mai suna Rumfar Kara, kuma ya karɓu ƙwarai. Masu karatu suna kiranta Anti Nisa, suna tambayarta har abin da bai shafi labari ba, daga girki zuwa zaman aure. Ita kuwa ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Wannan suna na mai sanin komai ya fi mata daɗi a kan duk wani abu da rubutu ya jawo mata.

Wata rana labarin ya kai inda jarumar ta haihu a ƙauye, jaririn ya kamu da shawara, wato ciwon nan da ke sa ido da fatar jariri su yi rawaya. Khairunnisa tana so wata tsohuwa mai hikima ta warkar da shi, don masu karatu suna son irin wannan tsohuwar. Matsalar ita ce ba ta san maganin ba. Ta ɗaga kai ta dubi madafa, ta ga tsamiya da kanwa, ta dubi tsakar gida ta ga wata bishiya. Shi ke nan ta haɗa su a rubuce, ta yanka musu ma'auni da lokutan sha, ta sa jaririn ya warke kafin suna. Da ta karanta sai abin ya burge ta. Ta tuna yadda sharhi ke ƙaruwa duk ranar da shafi ya zo da irin wannan, don haka ta ƙara layi guda a ƙasa: "Iyaye mata ku adana wannan haɗin, an gwada an ga aikinsa."

Ta tura ɗakin gyara. Ba a jima ba Malama Haulatu ta kira ta.

"Khairunnisa, shafin nan ya yi daɗi," in ji Malama. "Amma haɗin nan na shawara, a ina kika samo shi?"

"Sananne ne ai, Malama. Tsofaffi duk sun san shi."

"Wace tsohuwar ce ta faɗa miki? Kuma wa ya gwada?"

Khairunnisa ta ce, "Labari ne fa, Malama. Kowa ya san ƙirƙira muke yi."

"Labarin ƙirƙira ne, amma layin da kika sa a ƙasa ba da 'yan cikin labari kike magana ba, da mata masu jego kike. Ni ba likita ba ce, ban san yana yi ko ba ya yi ba. Ke ma ba ki sani ba. Wata za ta karanta, ta zauna tana ɗura wa ɗanta wannan maimakon ta kai shi asibiti. Ki cire ma'aunin da layin nan, ki bar tsohuwar ta ce a kai shi a duba. Labarinki ba zai ragu da komai ba."

Maganar ba ta da wani zafi, amma Khairunnisa ta ji ta kamar mari. Ta ce to, ta kashe wayar, ta zauna tana huci. Wai ita za a koya wa rubutu? Kuma wai Malama ce mai koyarwar, matar da labarinta ko mutum goma ba sa bi? Kafin la'asar ta saki shafin yadda yake a duk zaurukan masu karatu, ba ta canja ko wasali ba.

Sharhi ya yi ta zuba. "Allah ya ƙara basira, Anti Nisa." "Na adana, na tura wa ƙanwata." "Anti, ke fa makaranta ce." Khairunnisa ta kwanta a kan tabarma tana karantawa tana murmushi, har ta manta da wankin da ta jiƙa.

Malama Haulatu ta rubuta gajeren bayani a Bakin Rijiya cewa haɗin da ke cikin shafin ba shi da tushe, kada kowa ya yi amfani da shi. Ba ta zagi kowa ba. Amma Khairunnisa ta ce an ci mata fuska a bainar jama'a, ta kira abin hassada, ta fice daga zauren. Ta buɗe nata, ta sa masa suna Masoyan Anti Nisa, ta cika shi da 'yan amshin shata. A nan babu ɗakin gyara, kuma duk wadda ta yi tambayar da ba ta yi mata daɗi ba sai ta tsinci kanta a waje.

Ba za a ce zuciyarta ba ta taɓa tsawata mata ba. Akwai ranar da wata mai karatu ta tambaye ta ko har jaririn da bai yi suna ba ana ba shi. Ta fara rubuta cewa a yi haƙuri, haɗin na cikin labari ne kawai. Sai ta tuna cewa maganar za ta kai kunnen 'yan Bakin Rijiya, su ce ga shi ta dawo kan abin da Malama ta faɗa. Ta goge abin da ta rubuta, ta amsa wa matar da cewa ana ba shi.

Watanni suka wuce, Rumfar Kara ya ƙare, ta shiga wani labarin. Sai ga waya daga ƙanenta Sabiru, mai sayar da dabbobi a garin Babban Mutum, cewa matarsa Hadiyya ta sauka lafiya, an sami namiji. Haihuwar fari ce, kuma Khairunnisa tana ƙaunar Sabiru fiye da duk 'yan uwanta, don a bayanta ya girma. Ana gobe suna ta shiga mota da kayan barka niƙi-niƙi.

Ta tarar da gidan cike da mata ana ta surfe da gyaran kayan miya. Ta shiga ɗakin mai jego da fara'arta, ta ce a miƙo mata ɗanta. Tana buɗe zanen sai fara'ar ta ɗauke. Yaron ya yi rawaya tun daga ido har tafin ƙafa. Ya sanƙare wuya baya, yana wani siririn kuka mara daɗin ji.

"Hadiyya, tun yaushe yake haka?"

"Tun washegarin haihuwa idon ya fara, Anti. Jiya kuma ya ƙi kama nono."

"Kuma ba ku kai shi asibiti ba?"

"Yaya Sabiru ya ce a kai shi, ni na ce a dakata, tunda muna ba shi haɗin nan." Hadiyya ta nuna wani kofi da ƙaramin cokali a gefen gado. "Ban tsallake ko sau ɗaya ba, yadda kika rubuta haka nake yi."

Khairunnisa ta zauna a bakin gado. Ba ta ma san Hadiyya tana karanta labaranta ba.

"Yadda na rubuta?"

"Na cikin Rumfar Kara mana. Tun ina da ciki na adana shi. Ai da a wani wuri na gani ba zan yarda ba, Anti, kin san abubuwan waya. Amma da na ga naki ne, kuma kin ce an gwada, sai hankalina ya kwanta."

Da zuciya ɗaya ta yi maganar, babu zargi a ciki, kuma wannan ne ya fi yi wa Khairunnisa ciwo. Kunya da tsoro suka rufe ta. Ta miƙe ta leƙa waje ta ce a kira Sabiru maza ya nemo mota. Da ya shigo yana tambayar abin da ya faru, ta faɗa masa gaskiya a gaban matarsa: babu wanda ya taɓa gwada haɗin, ita ta ƙirƙire shi a tsakar gidanta. Sabiru ya dube ta, ya karɓi yaron ya fita.

Suka kai shi asibiti a Daura, daga nan aka tura su Katsina. Aka sa shi a ƙarƙashin fitilar da ake haska wa jarirai masu shawara, aka yi masa canjin jini. Likitan ya ce da tun ranar da idon ya canja aka kawo shi, da fitilar kaɗai ta wadatar. Yanzu kam za su yi iya ƙoƙarinsu, sauran sai abin da Allah ya yi. A can Babban Mutum aka raɗa wa yaro suna Abbas, aka yanka rago, amma babu uwa babu ɗa a gidan, matan da suka taru suka watse jiki a sanyaye.

A barandar asibitin Khairunnisa ta kira Malama Haulatu. Ta yi zaton za ta ji gori, amma Malama ta yi wa yaron addu'a kawai, ta ce ta rubuta gyaran da sunanta, su za su taya ta yaɗawa. Ta rubuta, 'yan Bakin Rijiya suka tura duk inda suke da hannu. Sai dai gyara ba shi da daɗin karatu kamar labari. Mutane kaɗan ne suka tura shi gaba. Shi kuwa haɗin ya riga ya fita daga cikin littafin, yana yawo shi kaɗai a zaurukan mata, har yau ba ta san wayoyi nawa yake ciki ba.

Abbas ya rayu. Aka sallame su, rawayar ta washe, ya yi ƙiba, kowa ya yi hamdala. Khairunnisa ta ɗauka an tsallake, ko da yake Sabiru ya rage kiranta, in ma ya kira gaisuwa ce a taƙaice.

Bayan yaron ya fara zama ta sake zuwa Babban Mutum. Ta tarar da shi a kan tabarma a tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana wasa da murfin kwano. Daɗi ya kama ta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta kira shi.

"Abbas. Abbas ɗan Anti."

Bai waiwayo ba. Ta matso ta tafa hannu a bayansa, ta sake kira da ƙarfi. Yaron ya ci gaba da juya murfinsa. Hadiyya da ke tankaɗe a gefe ta sunkuyar da kai. Sabiru ya fito daga ɗaki, ya tsaya yana kallon yayarsa tana ta tafi.

"Yaya, ki bar kiransa haka nan," ya ce a hankali. "Mun koma Katsina an gwada shi. Ba ya ji, kuma sun ce ba zai ji ba."

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda mutane suka yarda da maganarsa ya ɗauki amana, ko da a waya yake rubutu, ko da labari yake bayarwa. Kada ka ce an gwada abin da ba a gwada ba, kuma kada ka ji kunyar cewa ba ka sani ba. Idan wani ya yi maka gyara, ka dubi gyaran, kada ka tsaya duban girmanka. Khairunnisa ta sami damar cire layi guda tun shafin bai fita ba, ta sake samun damar janye shi bayan ya fita, girman kai ya hana ta duka biyun. Abin da ka saki a waya ba ka da ikon dawo da shi, kuma ba ka san hannun da zai faɗa ba. Yana iya zama hannun wanda ya fi kowa yarda da kai.