Wasiƙa Ba Ta Kwana a Teburin Baba Akawu

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Akawu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana karɓar wasiƙu a wani ofis, kuma abin alfaharinsa guda ne: wasiƙa ba ta taɓa kwana a teburinsa ba a amsa ta ba. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, sai ya san yadda ya sako maka wannan zancen.

Babban ɗansa, Dogo, ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Da ya ga kunnen uban ya yi nauyi a waya, sai ya saya masa kwamfutar tebur, ya buɗe masa akwatin imel, na wasiƙa ta intanet. Duk mako sai ya rubuto: sanyin garin, tukunyar da ya ƙona, da tsokanar mahaifiyarsa, Inna.

Shekara shida ana haka, ciwon kwana huɗu ya ɗauke Dogo. A can aka binne shi. Ko kabarinsa iyayen ba su gani ba.

Abin da ya rage musu shi ne wasiƙun nan, ɗari uku da 'yan kai. Kullum da safe Baba zai yaye ƙyallen da ke kan kwamfutar, ya sa tabarau. Inna, da ba ta iya karatu ba, ta jawo kujera ta zauna gefensa, ya karanta mata guda ɗaya. Wata rana su yi dariya, wata rana su share hawaye.

Wata safiya Baba ya tarar da sabon saƙo da jan rubutu: "Za a rufe akwatinka nan da awa ashirin da huɗu, a goge duk abin da ke ciki. Danna nan ka tabbatar da kalmar sirrinka."

Nan take ya ɗauki waya. Ya kira 'yarsa Auta, wadda ke aikin jinya a asibiti.

"Baba, don Allah kar ka taɓa komai," in ji ta. "Dubi adireshin wanda ya aiko. Me aka rubuta?"

"Wasu haruffa ne da lambobi a cakuɗe. Amma ga tambarin kamfanin imel ɗin nan ɓaro-ɓaro."

"Tambari kowa na iya mannawa. Ka bari in tashi daga aiki, ƙarfe huɗu ina nan."

"Ke Auta! Ina amsa wasiƙa tun ba a haife ki ba. An ce awa ashirin da huɗu, ke kina ce min ƙarfe huɗu?"

"Ai huɗun na cikin ashirin da huɗun, Baba."

Ya kashe wayar.

Ni dai ba zan ce girman kai kaɗai ba ne. Akwai shi, amma akwai tsoro. Ya dubi Inna, ya ga ta dafe ƙirji tana cewa, "Malam, kar su goge min yaro." Sai ya danna. Shafi ya buɗe, sak irin wanda ya saba gani. Da yatsa ɗaya ya rubuta kalmar sirrin, a natse, har ya sake dubawa don kar ya yi kuskure.

"Shi ke nan, na amsa musu," ya ce.

Kafin Auta ta iso, akwatin ya daina buɗewa. Ashe ɓarayi ne suka aiko saƙon. Sun canza kalmar sirrin, sun bi abokan Baba da saƙonnin ƙarya da sunansa, sannan suka share komai don kar a bi sawunsu. Mako bakwai Auta ta yi tana fama kafin a mayar musu da akwatin. Aka buɗe, wayam. Babu wanda ya taɓa tunanin ajiye kwafi a wani wuri.

Auta ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ta fita tsakar gida ta yi kukanta.

Bayan kwana biyu Inna ta ce, "Malam, ai ka karanta su da yawa. Faɗo min wadda ya ce ya yi mafarkina."

Baba ya gyara murya. "Ya ce, Inna, jiya na gan ki a mafarki kina min faɗa a kan..."

"A'a, ba haka ya fara ba."

"To yaya ya fara?"

Inna ta yi ta ƙoƙarin tunowa.

"Wallahi nima na manta," ta ce.

Darasi: Duk saƙon da ya zo yana tsorata ka, yana gaggauta ka, yana neman kalmar sirrinka, dakata. Dubi adireshin mai aikowa, kar ka danna abin da ke ciki, ka shiga akwatinka ta hanyar da ka saba, ka tambayi wanda ya fi ka sani ko da ɗan cikinka ne. Abin da ba za ka iya jure rashinsa ba kuma, ka ajiye kwafinsa. Ku tura wa iyayenku wannan, ko ma ku zauna ku karanta musu da kanku.